Jitar Kawu Ta Dushe, Fiziks Ya Buɗe Mata Murya

Na san akwai tambayar da ke yawo a zukatan da yawa daga cikinku, musamman 'yan ajin kimiyya na SS2 da SS3: wai duk wannan magana ta maganaɗisu da naɗin waya da Faraday, ina za ta amfani mutum bayan ya fito daga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO? Ni ɗan Tambuwal ne, ina aji biyu a sashen Fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma amsar da nake da ita na same ta ne a cikin wata tsohuwar jita mai aiki da lantarki, a hutun da ya gabata.

Jitar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ke zaune a Kebbe. Ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Birnin Ƙonni da Tawa da Yamai, a can ya saba da Abzinawa masu kiɗan jita, ya koya a wurinsu, har ya sayi tasa ta gwanjo tare da 'yar ƙaramar amfilifaya. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, yana tafiya da sanda, amma yatsun hannunsa na hagu ba sa iya danne tsirkiya. Ranar da na je gaishe shi, ya sa aka jawo jitar daga ƙarƙashin gado ya miƙo mini. Ya ce abu ɗaya yake so: idan na zo yawon Sallah, in kaɗa masa ita da muryar da ya san ta da ita.

Shigar da jita gidanmu ma sai da aka yi shawara. Kun san yadda ƙasarmu take, kiɗa sana'a ce ta gado, kuma ba kowane uba ne zai ga ɗansa rungume da abin kiɗa ya ji daɗi ba. Baba ya yi shiru na kwana biyu, sannan ya kira ni ya kafa sharuɗɗa uku: ba kiɗa a lokacin salla, ba faɗuwa a jarrabawa, kuma ko sisin kwabo na kuɗin makaranta ba zai shiga cikin jitar ba. Ya ce ranar da na karya ɗaya daga ciki, ranar za ta koma Kebbe.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin da Kawu ya ba ni na Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da a yau yake cika manyan ɗakunan wasa a Turai da Amurka. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Abin da ya fi ba ni mamaki, kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki ya sa ta a wani kundi da ya fitar a 2011. Na ce a raina, wanda ya fara da wayar birki ya kai can, ni da aka miƙo wa jita sukutum ba ni da uzuri.

To, ga matsalar. A jikin jitar, ƙarƙashin tsirkiyoyi shida, akwai wasu 'yan akwatuna biyu masu ɗauko sauti. Masu jita na ce musu fikof, ni kuwa kunne nake kiran su, domin aikinsu ke nan. Ɗaya yana kusa da jaki, wato abin da ke tallafe da tsirkiyoyi daga ƙasa, ɗayan yana kusa da gindin wuya. Idan na kunna kunnen jaki, sautin yana fita garau. Da na murɗa makunni zuwa kunnen wuya, sai murya ta dushe, ta koma kamar mutum na magana da tuwo cike da baki. Idan na kaɗa tsirkiya uku tare, ba a iya rarrabe su, sai dai gunji. Kuma wannan kunnen na wuya shi ne muryar da Kawu yake nufi.

Wani abokina da ke kiɗa a Sakkwato ya saurara ya yanke hukunci nan take: kunnen ya mutu, a sayi sabo daga Sabon Garin Kano. Da muka tambayi kuɗinsa, ya kusa kuɗin abincina na wata biyu a makaranta. Sharaɗin Baba na uku ya rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage mini shi ne littafin Fiziks, da sukudireba, da sati biyar kafin Sallah.

Bari in bayyana muku abin da ke cikin kunnen, domin wanda bai san yadda abu ke aiki ba, gyaransa caca ce. A ciki akwai maganaɗisu, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, mai kaurin gashin kai, sau dubbai. Tsirkiyar jita ta ƙarfe ce, saboda haka maganaɗisun yana riƙe da ita ko da bai taɓa ta ba. Idan aka kaɗa ta tana rawa, ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa naɗin wayar yana ƙaruwa yana raguwa, wannan sauyi kuma yana haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, mai hawa da sauka daidai da rawar tsirkiyar. Amfilifaya ce ke ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Wannan ita ce dokar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, wadda kuke haddacewa a aji. Bayan shekara 100, George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka yi amfani da ita a Amurka, suka fara sayar da jitar lantarki a 1932, wadda aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Daga nan za ku gane dalilin da ya sa irin wannan kunne ba ya jin goge: tsirkiyar goge ta gashin wutsiyar doki ce, maganaɗisu ba ruwansa da ita, shi ya sa mai goge sai da makirfo.

Me ya sa kunnen wuya ya fi na jaki kaurin murya? Ku ɗaure roba tsakanin kusa biyu ku fizge ta, za ku ga ta fi lilo a tsakiya, a gefe kuwa da ƙyar take motsi. Tsirkiya ba rawa ɗaya take yi ba. Akwai babbar rawa ta dukkan tsawonta, wadda ke ba da kakkauran sauti, akwai kuma ƙananan raye-raye masu sauri a kanta, su ne ke ba sauti kaifi da zaƙi. Tsirkiya mafi kauri a jita tana yin babbar rawarta sau 82 a daƙiƙa ɗaya, mafi siranta kuwa sau 330. Kunnen wuya ya fi kusa da tsakiya, inda babbar rawa ke da faɗi, don haka kauri ya fi yawa a abin da yake ji. Bugu da ƙari, kunnuwan jitar Kawu irin masu naɗi biyu ne, waɗanda Seth Lover ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson a 1955 domin kashe ƙugin wutar lantarki, irin wanda tamu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa take sa wa lasifika. Naɗi biyu yana kashe ƙugi, amma yana rage kaifi. Ashe kunnen wuya mai naɗi biyu dama a bakin dushewa yake zaune, abu kaɗan ne zai tura shi.

Da na fahimci haka, sai na rubuta a takarda duk abin da ke kan hanyar sauti daga tsirkiya zuwa lasifika, na jera su daga wanda gwada shi kyauta ne zuwa wanda zai ci kuɗi. Na kuma yi wa kaina doka: abu ɗaya zan sauya a lokaci guda, in ɗauki sautin a wayata kafin sauyi da bayansa, da kiɗa iri ɗaya. Kunnen mutum yana da saurin mantuwa, kuma wanda ya sauya abu uku a tare ba zai san wanda ya yi maganin ba.

Na fara da tsirkiyoyi. Sun yi shekara biyu a ƙarƙashin gado, sun sha ƙurar hunturu, ga tsohon gumi da ya zama tsatsa. Datti a tsakanin naɗin tsirkiya yana danne ƙananan raye-rayen nan masu sauri tun kafin kunne ya ji su. Da kuɗin da na tara daga koyar da yaran unguwa lissafi na sayi sababbi. Sauti ya ɗan washe a kunnuwan biyu, amma na wuya bai rabu da gunjinsa ba.

Sai wayar da ke haɗa jita da amfilifaya. Ta Kawu ta kai mita 10, domin a fili suke kiɗa. Irin wannan waya tana da zare a tsakiya da raga a kewaye, da roba a tsakaninsu. Ƙarfe biyu da abin da ba ya wuce wuta a tsakani, me kuka tuna? Kafasita. Kowace mita tana ɗauke da kimanin fikofarad 100, kuma kafasita ta fi barin sauti mai sauri ya zurare ta cikinta zuwa ƙasa. Na aro mai mita 3, kaifi ya ƙaru kaɗan. Na kuma gwada rage kauri daga maɓallan amfilifaya. Kunnen wuya ya yi dama-dama, amma na jaki ya koma tsini kamar ana kaɗa gwangwani. Wannan ya nuna mini cewa ciwon a ɓangaren kunnen wuya yake, amfilifaya ba ta da laifi.

Mataki na gaba ko kwabo bai ci ba. Kowane kunne yana rataye ne da sukuru biyu, ɗaya a kowane gefe, ana ɗaga shi ko sauke shi da su. Na danne tsirkiya a kan ƙarfen ƙarshe na wuya, na auna tazarar da ke tsakaninta da kunnen da rular kayan lissafina. A gefen masu kauri, tazarar ba ta kai milimita 2 ba. Kunnen ya matso kusa da wurin da dama rawa ta fi faɗi, yana cika amfilifaya da kauri. Na riƙa juya sukurun rabi-rabi, ina kaɗawa ina saurare, har gefen masu kauri ya sauka zuwa kusan milimita 3, na sirara kuma ya tsaya a 2. Daga nan na ɗaga ƙananan sukurori shida da ke saman kunnen, ɗaya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, da rabin juyi. Mai gwada wannan ya kula kada ya kwance sukurun gefe har ƙarshe, domin kunnen zai faɗa cikin rami. A wannan mataki rabin gunjin ya tafi, ƙarfin kunnuwan biyu kuma ya daidaita.

Sauran rabin ya kai ni shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a garinmu, wanda tun muna firamare muke tsayawa kallon hayaƙin dalmarsa. Na gaishe shi na ce, "Baba, mitarka nake son aro, in kuma ka yarda, da idonka." Ya juya jitar ya yi dariya, ya ce a shekarunsa na sana'a ba a taɓa kawo masa mara lafiya irin wannan ba. Muka kwance murfin baya. A ciki akwai bolum huɗu, kowane kunne yana da biyu, ɗaya na ƙara, ɗaya na rage kaifi. Ya narkar da dalma ya cire wayar kunnen wuya, muka auna naɗin: om 7,800. Da wayar ta tsinke a ciki, da mita ba ta nuna komai ba. Sannan muka auna bolum ɗin ɗaya bayan ɗaya. Uku sun nuna kusan om 500,000. Na ƙarar kunnen wuya ya nuna 250,000, kuma ko daga launin dalmarsa an san wani mai gyara ne ya taɓa sauya shi a wani gari da abin da ya samu a hannu.

Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Ɗan jami'a, kunnen ga lahiya lau shike. Wanga bolum shi ka danne mai murya."

Ga dalilin. Ko an buɗe bolum har ƙarshe, yana nan a matsayin wata hanya daga kunne zuwa ƙasa. Ku ɗauke shi kamar ɓaraka a jikin hanyar ruwan da manomin fadama ya ja zuwa lambunsa. Bolum mai 500,000 'yar ƙaramar ɓaraka ce, mai 250,000 ta ninka ta. Shi kuma naɗin waya yana da wata ɗabi'a, gwargwadon saurin juyawar wuta, gwargwadon yadda yake tare ta. Saboda haka siririn sauti yana fitowa daga kunne da raunin turi, shi ne kuma ɓarakar ta fi cinyewa. Wannan ya sa aka saba sa mai 250K a jita mai kunne naɗi ɗaya irin Fender Stratocaster, wadda Mdou Moctar yake kaɗawa, domin kaifinta ya yi yawa ana son rage shi, mai naɗi biyu kuwa a ba shi 500K. Wani direba ɗan unguwarmu ya sayo mini mai rubutun A500K daga kasuwar Sakkwato, kuɗinsa bai kai na katin waya na sati ɗaya ba. Dattijon ya riƙe min waya, ni na liƙa dalmar.

Mun duba kafasitar bolum ɗin rage kaifi ma. An rubuta 473 a jikinta, ma'ana 47 da sifili uku, fikofarad 47,000 ke nan. Muka sauya ta da mai 223 da muka ciro daga wata matacciyar rediyo. Tasirinta ya fi fitowa idan an murɗa bolum ɗin baya: da tsohuwar, murya na nutsewa gaba ɗaya, da sabuwar kuwa tana laushi ne kawai.

Akwai dabara ta ƙarshe da na so gwadawa, wato sa 'yar ƙaramar kafasita a kan hanyar wayar kunnen kanta, ta yadda sai sauti ya bi ta cikinta. A nan aikinta ya juye, tana barin siriri ya wuce, tana tare kauri. Inda take fara tarewa ana samun sa da f = 1/(2πRC). Ku ɗauko kalkuleta: R om 500,000, C maikrofarad 0.0022, wato mai lamba 222. Amsar kusan 145. Duk sautin da ke ƙasa da rawa 145 a daƙiƙa zai ragu, ciki har da babbar rawar tsirkiyoyi biyu mafi kauri, masu 82 da 110. Ban liƙa ta da dalma ba, na maƙala ta da 'yan maƙalai yadda za a iya cirewa, domin mai hukunci yana Kebbe.

Kafin in kai ku can, ga gargaɗi. Wutar da ke cikin jita ba ta kai ta batirin tocila ba, amma amfilifaya tana shan bolt 230, kuma manyan kafasitocinta na iya riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket. Kada ɗayanku ya buɗe ta, aikin ƙwararru ne. A zare wayar jita kafin a taɓa cikinta. Tsirkiyoyi suna haɗe da jikin amfilifaya ta wannan waya, don haka idan kun ji tana ɗan cizon yatsa, musamman a kan janareta, ku kashe nan take. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wutar jitarsa ce ta yi ajalinsa a gidansa a Ingila a 1976.

Washegarin Sallah na hau mota zuwa Kebbe. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kawu ya jingina da bango, yara suka kewaye mu. Na kaɗa ɗan abin da na koya. Ya rufe ido ya saurara, can ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Ɗana, ta washe, amma wagga murya ta rame. Akwai abin da ka ɗauke mata." Na juya jitar, na cire kafasitar nan ta 222, na haɗa wayar kai tsaye, na sake kaɗawa. Kauri ya dawo, kuma kowace tsirkiya ana jin ta daban. Bai ce komai ba, sai ya miƙo hannu aka ɗora masa ita a cinya. Ya ce in zauna a hagunsa in danne masa tsirkiya, shi ya kaɗa da dama. Haka muka yi har aka kira magariba, muka ajiye. Lissafina daidai ne, amma bai san irin muryar da Kawu ya saba ji a daren Tawa ba, wannan sai shi.

Da na dawo gida, Baba ya tambaye ni nawa na kashe. Na nuna masa takardar da na rubuta komai, da inda kuɗin suka fito. Ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya ce tun da hannuna ya iya dalma, in duba masa rediyonsa da ta yi wata uku tana shaƙewa.

Ga aikin gida ga 'yan kulob ɗin JETS da duk mai sha'awa. Ku nemi maganaɗisu daga matacciyar lasifika, da ƙusa mai kauri, da siririyar waya daga naɗin tsohuwar fanka ko taransifoma. Ku naɗa wayar a jikin ƙusar sau ɗari biyar ko fiye, ku manna kan ƙusar a jikin maganaɗisun, ku kankare fentin bakin wayar biyu, ku haɗa su da ramin makirfo na lasifika mai batir. Ku ware zare ɗaya daga wayar birkin keke, ku tabbatar maganaɗisu na kama shi, ku ɗaure shi tamau a kan katako tsakanin ƙusa biyu. Ku kawo tsinin ƙusar da kuka naɗe kusa da zaren ba tare da ta taɓa shi ba, ku kaɗa. Sannan ku matsar da ita daga gefe zuwa tsakiya kuna saurare, ku rubuta abin da ya sauya, ku kai wa malaminku na Fiziks ku bayyana masa dalili da bakinku. Allah ya ba masu shirin jarrabawa sa'a, amin.